Columbo na 1989 zuwa 2003: a sayi faifansa ko a tsaya a na shekarun 1970?

Malam Sabo Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shawara da nake nema wurin masu tara faifai a cikinku. Maganar Columbo ce, shirin talabijin na ɗan sanda mai binciken kisan kai. Na farko, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1968 zuwa 1978, ina da shi cikakke a DVD, kashi 45 idan an haɗa da na gwaji guda biyu. Abin da ba ni da shi shi ne na baya, wato wanda aka dawo da shi a tashar ABC daga 1989 zuwa 2003, kashi 24. Ƙanena zai dawo daga Amurka bayan salla, ya ce in faɗa masa abin da nake so. Na duba na ga abin a hargitse: wani wuri an rubuta zango na 8, na 9, na 10, wani wuri kuma ba zango ko ɗaya, sai shekaru kawai. Wanne ne cikakke? Kuma tsakani da Allah, na bayan nan ya kai a kashe masa kuɗi?

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam Malam. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka. Columbo ya ƙare a 1978. Abin da ya biyo baya rigar ce dai da motar, amma ruhin ya tafi.

Injiniya Bello:
Malam Sabo, bari in fara da tambayar farko kafin a shiga rigimar ta biyu, don na ga Baban Khalifa ya riga ya ɗaura ɗamara.

Hargitsin da ka gani daga kamfanin Universal ya samo asali. A Amurka sun fitar da zango na 1 a 2004, suka bi su a jere har suka haɗa na 6 da na 7 a kwali ɗaya a 2006. Cikin shekara biyu da 'yan watanni sun gama da na NBC. Da aka zo kan na ABC sai suka daina lissafi da zango, suka koma kiran su tarin finafinan shekara kaza. Na 1989 ya fito a 2007 da kashi 5. Na 1990 ya fito a 2009 da kashi 6. Na 1991 zuwa 1993 ya fito a 2011, shi ma 6. Na 1994 zuwa 2003 sai a farkon 2012, kashi 7. Ka haɗa, 24 ke nan. A Ingila kuwa sai suka ci gaba da lissafin zango, 8 da 9, sannan suka tattara duk ragowar suka kira shi zango na 10 suka raba shi kwali biyu. Saboda haka abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta, da kuma inda aka yanka. Haɗarin kawai shi ne ka gauraya: idan ka sayi na 1989 na Amurka sannan ka sayi zango na 9 na Ingila, za ka sami kashi ɗaya sau biyu, domin na ƙarshen 1989 shi ne ya buɗe zango na 9.

Idan ba ka son ciwon kai, akwai kwalin da ya haɗa duka 69 a DVD, ya fito a 2012. Akwai kuma Blu-ray, wato faifan da hotonsa ya fi na DVD kyau, na kamfanin Kino Lorber, na shekarun 1970 ya fito a ƙarshen 2023, na dawowar kuma a 2024, kuma ana sayar da su daban-daban. Tunda kana da na farko, wannan na biyun shi ya fi dacewa da kai, in dai na'urarka za ta karanta shi. Zan dawo kan wannan.

Malam Sabo Fagge:
Allah Ya saka da alheri Injiniya. Yanzu na gane. Wato wanda ya fara tarawa a 2004 sai da ya jira har 2012 kafin ya kammala.

Hajiya Talatu:
Wannan jiran shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin lamarin duka. Peter Falk, ɗan wasan da ya fito a matsayin Columbo, ya rasu a watan Yunin 2011. Kwalin ƙarshe, wanda yake ɗauke da aikinsa na shekara tara na ƙarshe a wannan rawar, bai fito a ƙasarsa ba sai bayan rasuwarsa. Mutumin da ya fara sa wannan riga yana ɗan shekara 40, ya cire ta yana da 75. Kamfanin da kansa ya nuna wa masu saye cewa na bayan nan ba su da daraja, tun daga ƙin ba su lambar zango har zuwa jan ƙafa wajen fitar da su. Sai mutane suka ɗauki wannan hukuncin suka riƙe, har waɗanda ba su taɓa zama sun kalla ba.

Baban Khalifa:
Hajiya, ni na kalla, ba ji na yi ba. Kuma kamfani ba ya jan ƙafa a kan abin da ake rububinsa. Sun ga ba a saye ne.

Bari in faɗi dalilaina dalla-dalla don kar a ce ƙiyayya ce. Abin da ya sa Columbo ya bambanta da sauran finafinan 'yan sanda shi ne tun a farko ana nuna maka wanda ya yi kisan, da yadda ya tsara shi, da yadda ya ɓoye sawunsa. Kai mai kallo ka san komai. Daɗin shi ne ka zuba ido ka ga yadda wannan ɗan sanda mai yamutsattsiyar riga zai bi attajiri ko likita ko marubuci a hankali, yana yi masa ladabi, yana nuna kamar bai gane komai ba, ya kai bakin ƙofa ya juyo da wata 'yar tambaya, har mutumin ya ɗaure kansa da bakinsa. Richard Levinson da William Link ne suka gina wannan tsari. Levinson ya rasu a 1987, kafin a dawo da shirin. Kuma ana ganin giɓinsa.

Na biyu, tsawo. A shekarun 1970 da yawa daga cikinsu minti 70 da ɗoriya ne, labari a matse, ba ɓata lokaci. Na ABC duk sai da aka ja su suka cika gurbin awa biyu na talabijin, wato minti 90 ko kusa da haka ban da talla. Sai ya zama kamar miyar da aka tsinka da ruwa don baƙi sun ƙaru. Za ka ga Columbo yana busa ƙaho, ko yana surutu da kare, ko ana nuna mafarkin wani, alhali labarin ya tsaya cik.

Na uku, abokan karawa. A da Jack Cassidy ne, da Robert Culp, da Donald Pleasence, da Leonard Nimoy, da Janet Leigh. Mutanen da in suka tsaya gaban Falk za ka ji ana gwabzawa. Na baya da yawansu samari ne na talabijin da ba su da wannan kwarjinin.

Maman Ilham:
Baban Khalifa, na yarda da maganar tsawo, wannan ba musu. Amma na 1970 ɗin ma ai akwai masu minti 90 da ɗoriya, kuma su ma akwai cikon da aka yi musu. Ba a 1989 aka fara ba.

Maganar abokan karawa kuwa ban yarda ba. Patrick McGoohan fa? Sau huɗu ya fito a matsayin mai kisa, biyu a 1974 da 1975, biyu a 1990 da 1998. Na 1990 ɗin, inda ya fito a lauya mai kusanci da 'yan siyasa, shi ya ba da umarni da kansa, kuma ya ci Emmy da shi, babbar kyautar talabijin ta Amurka, kamar yadda ya ci da na 1974. A shekarar 1990 ɗin nan Falk ma ya ci Emmy ɗinsa na huɗu a kan wannan rawa. Faye Dunaway ta fito a na 1993, wanda Falk ya rubuta da hannunsa, ita ma ta ci Emmy. William Shatner ya dawo a 1994, George Hamilton ya dawo a 1991. Robert Culp ɗin da ka ambata ma ya dawo a 1990, sai dai a uban ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kashe malaminsu. To ina rashin manya a nan?

Baban Khalifa:
Maman Ilham, kin tsinto masu kyau ne. Ki faɗa wa Malam labarin na 1992 da na 1994 mana.

Maman Ilham:
Zan faɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. Malam Sabo, akwai guda biyu da aka ɗauko labarinsu daga littattafan Ed McBain, waɗanda asali ba don Columbo aka rubuta su ba. A na 1992 ba a ma yi kisa a farko ba, amaryar ɗan ɗan'uwansa aka sace daren biki, sai ka ga Columbo cikin ayarin 'yan sanda ana ta guje-guje, har da bindiga a hannunsa, mutumin da aka san shi da ƙin ɗaukar bindiga. A na 1994 kuma yana ta sauya kaya yana ɓad da kama don neman gutsattsarin wani hoto. Waɗannan biyun ni ma ba na mayar da su cikin na'ura. Amma biyu ne cikin 24.

Auwal Ɗan Jami'a:
Iyayena, ku yi haƙuri in tsoma baki. Me ya sa sai an sayi faifai? Ni a waya na kalli wasu. Kuɗin kwalin da na aike ai ya isa data ta wata da watanni.

Injiniya Bello:
Auwal, tambayarka tana kan hanya. Amsa ita ce abin da ke intanet ba naka ba ne. Manhajojin kallo haya suke yi na ɗan lokaci, in yarjejeniya ta ƙare a cire. Kuma yawancin waɗanda ke da Columbo a Amurka ba sa buɗewa daga nan. Sau da yawa ma za ka tarar na 1970 ne kawai, na baya babu, ko akwai wasu babu wasu. Wanda kake gani a warwatse kuwa galibi an matse hoton, wani an yanke gefe, wani an sauya saurin murya don kar a gane a goge shi.

Yanzu ga maganar na'ura da na ce zan dawo kanta, Malam Sabo. DVD an raba duniya shiyya-shiyya: Amurka shiyya ta 1, Turai ta 2, mu a nan ta 5. Sa'ar da muka yi ita ce yawancin na'urorin DVD da ke kasuwanninmu ba ruwansu da shiyya, komai ka sa za su karanta, shi ya sa ba ka taɓa jin matsalar ba. Blu-ray ba haka yake ba. Shiyya uku ce: A ta ƙunshi Amurka da Japan, B ta ƙunshi Turai da Afirka, sai C. Kuma na'urorinsa sun fi tsanani. Kino Lorber kamfanin Amurka ne, kayansa na shiyyar A ne. Idan na'urarka daga Turai ko Dubai ta zo, kana iya sa faifan ta ƙi. Ka juya bayanta ka duba harafin da aka buga kafin ƙanenka ya biya kuɗi.

Wani abu kuma da ba kowa ke lura ba. An ɗauki Columbo a kan fim mai gudun hoto 24 a daƙiƙa. DVD na Turai tsarin PAL yake bi, hoto 25 a daƙiƙa, sai a ƙara wa fim ɗin sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 98 sai ya koma kamar 94, muryoyi su ɗan ƙara siranta. Wanda ya saba da muryar Falk mai kaushi zai ji bambancin. Na Amurka da Blu-ray ba su da wannan.

Malam Sabo Fagge:
Na duba yanzu, B aka rubuta. To ka ga amfanin tambaya.

Ɗan Zinder:
Salamu alaikum. Malam Sabo, in B ce na'urarka kada ka damu, a Faransa ma an fitar da shi cikakke, a DVD da Blu-ray, kuma Blu-ray ɗin nasu shiyyarmu ce. Sai dai ka tabbatar akwai muryar Ingilishi a ciki kuma ana iya kashe rubutun ƙasa.

Ni wannan gardama taku ta ba ni mamaki, domin mu da muka san shi ta tashoshin Faransa ba mu taso da wannan rabe-raben ba. Ana maimaita shi ne a gauraye, yau na 1973, wani mako na 1991. Kuma murya ɗaya muka sani, ta Serge Sauvion, wanda ya yi masa magana da Faransanci shekara da shekaru. Saboda haka a kunnenmu Columbo bai sauya ba, gashinsa ne ya yi fari. Sai da na girma na fara jin cewa wai akwai na gaske akwai na baya. Ina ganin wani ɓangare na ƙin da ake yi wa na ABC daga waɗanda suka yi shekara 11 suna jira ne, suka ƙawata shi a ransu, da ya dawo ya tarar da ma'aunin da ba wanda zai iya cikawa.

Motar kuma tamu ce, Fijo 403. Duk wanda ya taso tsakanin Zinder da Kano ya san jikokinta 404 da 504.

Baban Khalifa:
Ɗan Zinder, ka kawo magana mai ma'ana, amma murya ɗaya ta rufe muku wani abu. A Ingilishi za ka ji yadda Falk ya sauya wasan. A 1971 Columbo mutum ne mai kaifi da yake ɓoye kaifinsa. Kana hango shi a idonsa lokacin da ya daina murmushi. A shekarun 1990 ya koma tsoho mai ban dariya, yana jan magana, yana wasa da hannu, kamar ya san ana son ganin waɗannan halaye sai ya riƙa ƙara musu gishiri.

Hajiya Talatu:
A nan ne muka rabu da kai, Baban Khalifa. Abin da kake kira rauni ni shi nake nema a na bayan. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka sake kallon na 1993 da Faye Dunaway. Mace ce da ta yi kisa tana ƙoƙarin sace zuciyarsa don ya kau da kai, shi kuma ya sani, kuma yana jin daɗin zama da ita, kuma bai fasa aikinsa ba. Da ya gano dalilin da ya sa ta yi, da wadda take karewa, dubi abin da ya zaɓa ya yi da wadda ake karewar. Ɗan shekara 44 ba zai buga wannan wasan haka ba. Sai wanda ya ga duniya.

Haka na 1998, inda McGoohan ya fito a mai shirya jana'izar manyan Hollywood. Tsofaffi biyu, abokan juna a zahiri, suna zagaya juna da magana cikin natsuwa. Ba gudu, ba ihu. Wannan kaɗai ya isa a sayi kwalin ƙarshe saboda shi.

Kuma akwai na 1990 da aka buɗe da jana'izar matar Columbo, matar da ba a taɓa nuna fuskarta ba tun 1968. Ba zan faɗi yadda ya ƙare ba.

Auwal Ɗan Jami'a:
Hajiya don Allah kar ki faɗa, ban kai nan ba. Ni wanda na gani shi ne na lauyan nan da aka kama shi da shaidar haƙori a jikin cuku. Ya burge ni sosai.

Injiniya Bello:
Shi ne na McGoohan na 1990. Sai dai ka sani, Auwal, irin wannan shaida ta cizon haƙori ta sha suka daga baya. Rahoton da cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar a 2009 kan binciken laifuka ya nuna ba ta da tushe mai ƙarfi, kuma an saki mutane da dama da aka ɗaure a kanta bayan gwajin DNA ya wanke su. A 1990 ana ganin ta a matsayin ci gaba. Wannan ma wani dalili ne da nake son na bayan: kana ganin zamani yana shigowa cikin labarin. Na'urar kiran mutum da ake ratayawa, kyamarar kan titi mai kama masu gudu da mota, wayar hannu a farkon fitowarta. Na ƙarshe, na Janairun 2003 da Matthew Rhys, a gidan rawar matasa aka yi shi, da kiɗan zamani. Kuma abin mamaki, Columbo na cikinsa ya fi kama da na 1970, ya rage wasa ya koma bincike.

Baban Khalifa:
Wannan na 2003 na yarda da shi. Da haka suka yi sauran da ba mu yi wannan doguwar magana ba.

Maman Ilham:
Injiniya, ina da tambaya kan hoto. Na ga wasu na baya sun cika allon talabijin na zamani, na 1970 kuma da baƙi a gefe biyu. Wanne ne daidai?

Injiniya Bello:
Na 1970 baƙin gefen shi ne daidai, don talabijin na da kusan murabba'i ne, 4 bisa 3. Kada ki danna maɓallin da ke buɗe shi, fuskoki za su baje. Na baya kuma akwai saɓani. Yawancinsu lokacin da aka fara nuna su allon gida bai zama mai faɗi ba tukuna. Amma Blu-ray da aka yi a Japan a 2011, faifai 35 a cikin akwati mai kamar na sigari, ya kawo su da faɗi, 16 bisa 9. Idan aka yi haka ana samun ƙari kaɗan a gefe, a rasa wani abu a sama da ƙasa. Masu tarawa sun rabu: wasu na son yadda aka gani a gida a lokacin, wasu na son allo ya cika. A shiri irin wannan, inda hujja kan kasance ɗan ƙaramin abu a kan tebur ko a ƙasa, ni na fi son kar a taɓa mini sama da ƙasan.

Abin da ya ba masu saye haushi da na Kino Lorber shi ne an sanar tun farko cewa za a sa sharhin masana a kan kowane kashi, daga baya aka janye kafin fitowa. Hoton dai an sabunta shi daga fim na asali, kuma ya fi na DVD nesa ba kusa ba.

Ɗan Zinder:
Ku gode wa Allah ku da ake gardamar faɗin hoto. Finafinanmu na Hausa na shekarun 1990 da aka yi a kaset, nawa ne za a iya samun na asalinsu yau a sabunta? Columbo ya tsira ne don an ɗauke shi a fim kuma kamfani ya adana. Namu a kaset ɗin bidiyo aka ɗauka, zafi da ƙura suna cin sa.

Malam Sabo Fagge:
Wannan gaskiya ne Ɗan Zinder, kuma ya kamata a buɗe masa zaure nasa daban.

Wani abu da ban faɗa ba tun farko: na taɓa sayen wani faifai a kasuwa da aka rubuta cikakken Columbo a bayansa, an cusa kashi goma sha a faifai ɗaya. Hoton ya dushe har ba ka gane abin da ya tsinta a ƙasa, rubutun ƙasa kuma na wani fim ne daban. Shi ya sa wannan karon nake son orijina.

Ga abin da na yanke. Tunda na'urata B ce, kuma ƙanena daga Amurka zai taso, zan ce ya sayo mini kwalaye huɗun nan na DVD, 1989, 1990, 1991 zuwa 1993, da 1994 zuwa 2003. In bai same su a rarrabe ba ya ɗauko babban kwalin na 69, na ba wa Auwal tsofaffin nawa.

Auwal Ɗan Jami'a:
Allah Ya sa kar ya same su a rarrabe, Baba! Na gode ƙwarai.

Baban Khalifa:
To Malam, tunda ka yanke, ka ji shawara ɗaya. Kada ka fara da na 1989, za ka karaya. Ka fara da kwalin 1990, shi ya fi ƙarfi a cikin huɗun, akwai na McGoohan, akwai na ɗaliban jami'a, akwai na jana'izar.

Hajiya Talatu:
Ka ga har ka lissafo uku masu kyau a kwali ɗaya, Baban Khalifa. Ni kuwa na ce ya bi su a jere yadda aka nuna su, har da marasa daɗin, don ya ga yadda mutumin ya manyanta a cikin rigar. Malam Sabo, in sun iso ka sanar da mu, ina son jin ra'ayinka a kan na 1993.

Injiniya Bello:
Ka ce masa ya buɗe kowane kwali ya ƙirga faifan kafin ya taso, musamman in na hannu ne. Kuma ya sa su a jakar da zai riƙe, kar ya jefa cikin akwatin da za a auna, maƙallan cikin kwalayen nan saurin karyewa gare su, faifai ya kuɓuce ya karce a hanya.